Fensir mai dannawa ko na katako: wanne ya dace da ɗalibi a karkara?

Manomin_Gumel:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani abu da yake ƙarami a ido amma ya tsaya mini a rai. Babban ɗana ya shiga ajin farko na babbar sakandare a makarantar koyon sana'a, kuma malaminsu na zanen gine-gine da injuna ya rubuta musu jerin kayan aiki, a ciki har da fensirin nan da ba a fiƙewa, wanda ake danna ƙeyarsa sai tsinken rubutu ya fito. Ranar Alhamis da na je kasuwar Maigatari na tarar da irinsa a teburin mai kayan makaranta, na saya masa tare da ɗan mazubin tsinkayensa. Ko mako guda bai cika ba yaron ya dawo mini da shi, ya ce da zarar ya ɗora bakin a kan takarda sai tsinken ya zame ya koma ciki. Shin wannan fensiri yana da wata fa'ida ta gaske da ta wuce na katako da muka saba da shi tun muna firamare, ko dai ado ne kawai? Idan yana da ita, yaya mutum zai gane mai kyau kafin ya biya kuɗi?

MalamZane_Bichi:
Wa alaikumus salam Malam. Zane nake koyarwa shekara da shekaru, kuma zan iya gaya maka cewa malamin yaronka bai nemi abin banza ba. A zanen fasaha kaurin layi magana ce da mai karanta zanen yake fahimta: layin da ke nuna gefen abu yana da kauri, layin awo da layin tsakiya sirara ne, kusan rabin wancan. Fensirin katako idan ka fiƙe shi yana fara layi siriri, kafin ka kai ƙarshen rula bakin ya ci, layin ya yi kauri, sai zanen yaro ya fito ba a san gefe daga awo ba. Tsinken mai dannawa kuwa kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, shi ya sa ake rubuta lamba a jikinsa, 0.3 ko 0.5 ko 0.7 ko 0.9, wato kaurin tsinken a ma'aunin milimita.

Game da wanda ka saya, ciwonsa sananne ne. A can cikin bakin fensirin akwai wasu 'yan haƙora da ke damƙe tsinken, da zobe da ke matse su, da sifirin da ke mayar da su idan ka saki ƙeya. A mai kyau haƙoran na tagulla ne, a mai araha sosai na roba ne, kuma roba ba ta daɗewa take sakin jiki. In za ka sake saye, ka roƙi mai kaya ya bari ka kwance bakin, ka danna ƙeya ka duba: idan ka ga ƙarfe mai ruwan ɗorawa ya leƙo, to ka samu abin da zai yi wa yaro shekarunsa uku na makaranta.

Auwalu_Ringim:
Kafin a yanke wa fensirin hukunci, Malam Manomi, ka duba lambar da ke jikinsa da wadda ke jikin mazubin. Na taɓa ganin an sayar wa ƙanena fensirin 0.7 da tsinken 0.5, kuma abin da ka faɗa shi ne ya faru, domin haƙoran ba za su iya riƙe abin da bai cika musu baki ba.

Malama_Hauwa_Gaya:
Ni a firamare nake, ajin uku, kuma ina so in kawo wani ɓangare da ba a taɓa ba. Abin da ya fi damuna da fensirin katako shi ne reza. Yawancin yaranmu ba su da abin fiƙe, sai a ba su tsohuwar reza daga gida, wani lokacin ma guda ɗaya ce za ta zagaya benci uku. Na ɗaure yatsun yara ba sau ɗaya ba, kuma duk wanda ya san hatsarin jini ya san reza ɗaya a hannun yara da yawa ba abin wasa ba ce. Ga kuma ɓarna: yaro zai yi ta fiƙewa bakin yana karyewa, fensirin da aka saya masa ranar Litinin ya koma tsawon ɗan yatsa kafin Juma'a.

Duk da haka ba zan ba iyaye shawarar su saya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku mai dannawa ba. Hannun ƙaramin yaro yana danne takarda da ƙarfi, siririn tsinke ba ya jure wannan, kuma yaro zai kwance fensirin don ya ga abin da ke ciki, ya sa murfin ƙeyar a baki. A wurina maganin ƙananan yara shi ne abin fiƙe guda ɗaya a teburin malami. Mai dannawa sai daga aji biyar ko shida, lokacin da hannu ya nutsu.

Kafinta_Wudil:
Ina tare da Malama a kan cewa ba kowane hannu ba ne. A shagona na gwada 0.5 a kan katako, bai ja layi biyu ba ya karye, domin fatar katakon da ba a goge ba tana cin siririn tsinke. Fensirinmu na kafintoci mai faɗi ne, ba ya gangarewa daga kan benci, kuma da wuƙa ake gyara bakinsa. Amma idan mai aiki ya zo yana son gado ko kabad, a takarda nake fara zana masa da mai dannawa, saboda awon yana fita tsaf kuma ba na tsayawa fiƙewa a gaban baƙo.

Baba_Mai_Shago:
Ku yi haƙuri 'ya'yana, ni dai ban gamsu ba. Mun yi makaranta da fensirin katako, waɗanda suka zana gidaje da gadoji a ƙasar nan da yawa da shi suka koya. Na katako ko a wane ƙauye ka shiga za ka same shi a shago, in ya faɗi ba ya lalacewa, in ya ɓata ba a yin kuka. Wannan kuwa idan tsinkensa ya ƙare a ƙauye ya zama sanda, sai ka jira mai shiga birni. Ni kaina na taɓa kawo su shagona, fensiran suka ƙare, aka bar yara suna zuwa neman tsinke ba ni da shi, domin wanda nake saro kaya a wurinsa bai sake kawowa ba. Sannan ina jin ana cewa bakin fensir dalma ce, kuma yara suna tsotsarsa, balle wannan da tsinken yake zube a hannu.

Injiniya_Gobe_Wudil:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta samuwar tsinke gaskiya ce, kuma ita ce babbar matsala a karkara. Amma batun dalma ina so in gyara shi da ladabi. Babu dalma a bakin fensir, na katako ne ko mai dannawa. Abin da ke ciki wani ma'adini ne da ake kira girafait, ɗan'uwan gawayi ne. Da aka gano shi da yawa a Borrowdale da ke Ingila a ƙarni na 16, mutanen lokacin sun zaci wani nau'in dalma ne, sunan ya bi shi har yau a Turanci. A 1795 wani Bafaranshe mai suna Nicolas-Jacques Conté, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun girafait daga Ingila, ya niƙa garinsa ya kwaɓa da yumɓu ya gasa. Daga nan aka samu darajojin da muke gani: in yumɓu ya yi yawa bakin ya yi tauri, layi ya yi haske, shi ne H da 2H, in girafait ya yi yawa ya yi laushi da baƙi, shi ne B da 2B har zuwa sama, HB kuma tsaka-tsaki.

Shi ma fensirin da ake ɗura wa tsinke ba baƙo ba ne a duniya. A 1822 Sampson Mordan da John Isaac Hawkins suka yi rajistar irinsa a Ingila. A 1915 Tokuji Hayakawa ya ƙera nasa na ƙarfe a Japan, kuma daga sunan wannan fensiri ne kamfanin Sharp, mai rediyo da talabijin da muka sani, ya samo sunansa. Siraran tsinkayen yanzu ba da yumɓu ake haɗa su ba, da wani sinadari ne dangin roba, abin da ya sa suke ɗan lanƙwasa kafin su karye.

Baba_Mai_Shago:
Na gode ɗana, na karɓi gyara a kan dalma. Amma maganar sanda a ƙauye tana nan.

Maman_Khalifa:
Baba, ni a ƙauye nake, bayan Birnin Kudu, kuma ga yadda nake yi. Sana'ata ɗinkin hula, kuma kafin in taɓa yadi sai na fitar da zanen a littafin lissafi mai gida-gida, kowane gida yana matsayin ɗinki. Da na katako nake yi a da, sai bakin ya yi kauri ya cinye gida biyu, in zo ƙirga in rikice, zanen gefen dama ya ƙi haɗuwa da na hagu. Da ƙanwata da ke karatu a Dutse ta kawo mini 0.5, sai na ga kowane gida yana fita daban, in na yi kuskure kuma in goge wuri ɗaya ba tare da na ɓata maƙwabcinsa ba. Tsinken kuwa ba ya ruɓewa, ba ya bushewa kamar tawadar biro, don haka idan mai gidana zai shiga Kano nakan ce ya sayo mini mazubi uku ko huɗu a Sabon Gari, in ajiye a kwallata, su kai ni wata da watanni. Wanda ya iya ajiye allura da zare don gaba zai iya ajiye wannan.

Abu ɗaya da na koya da wahala: kada a cika cikin fensirin da tsinkaye. Na taɓa juye mazubi guda a ciki, suka cushe, babu wanda ya iya saukowa. Biyu ko uku sun isa.

Alaramma_Hadejia:
Assalamu alaikum. Mu aikinmu na rubutun Alƙur'ani da alƙalami da tawada ne, kuma babu abin da zai maye gurbinsu. Amma a wajen zayyana, inda ake fitar da da'ira da murabba'i da layukan da suke shiga juna kafin a zuba launi, fensir ake fara sawa tare da rula da kamfas. Na lura cewa fensiri mai laushi yana barin wani santsi a takarda wanda tawada ba ta kama shi da kyau, kuma gefen hannu yana shafa shi ya dusashe farin takarda. Wani ɗalibina da ya yi boko ya kawo mini mai dannawa da tsinken 2H, layinsa siriri ne mai haske, bayan tawada ta bushe ana goge shi ba ya barin tabo. Sharaɗin kawai shi ne kada a danne, domin mai tauri yana yi wa takarda kwari, kuma kwarin ba ya gogewa.

MalamZane_Bichi:
Allah ya gafarta Malam, wannan shi ne ainihin abin da muke koya wa ɗalibai: layin share fage da 2H a hannu mai sauƙi, layin ƙarshe da HB. Wannan ya kawo ni ga abin da mutane da yawa suke rikitawa. Lambar kauri daban, harafin tauri daban. Fensiri ɗaya na 0.5 zai karɓi 2H yau, gobe ya karɓi 2B, muddin kaurin ɗaya ne. Saboda haka Malam Manomi, yaronka yana buƙatar fensiri ɗaya mai kyau da mazubi biyu, HB da 2H, in kuma da hali fensiri biyu don kada ya riƙa sauyawa a tsakiyar aiki.

Sai bakin. Na zane yana da ɗan siririn bututun ƙarfe mai tsawon milimita 4, wanda yake jingina da gefen rula, yana kuma barin ido ya ga inda layi ke tafiya. Na rubutu bakinsa a dunƙule yake kamar na biro. Bututun nan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa, domin idan fensirin ya faɗi da baki a kan siminti ya lanƙwashe, tsinke zai riƙa karyewa a ciki, kuma da wuya a miƙe shi ya koma daidai. A saka shi a akwatin kayan lissafi, kada a jefa shi a aljihu ko a gindin jaka. Waɗanda na daɗe ina gani a hannun masu zane su ne Pentel P205, da na Staedtler, da na Rotring, da na Faber-Castell. Pentel ma sun bambanta nasu da launi, baƙi 0.5, shuɗi 0.7, rawaya 0.9. Amma a kula, akwai jabu masu ɗauke da manyan sunaye, shi ya sa na ce a kwance baki a duba haƙora maimakon a dogara da rubutun jiki.

Sani_Mai_Zanen_Fuska:
Malam, ka yi magana a matsayin mai zanen rula, bari in yi a matsayin mai zanen hannu. Ni hoton mutane da dabbobi nake zanawa a Kazaure, kuma 0.5 ba ya yi mini komai sai gashin gira da ƙwayar ido. Inuwar fuska da naɗin rawani da ninkin babbar riga suna son a kwantar da fensiri a shafa da gefensa, siririn tsinke kuwa ba shi da gefe. Abin da ya raba mini gardama shi ne mai riƙe tsinken milimita 2, wanda kaurinsa kusan ɗaya ne da na cikin fensirin katako. In ka danna ƙeyarsa haƙoran suna buɗewa gaba ɗaya, ka zaro tsawon da kake so, ka gyara bakin a kan 'yar takardar yashi. Da shi nake samun 4B mai baƙi sosai, kuma tsawon fensirin da nauyinsa ba sa canzawa a hannuna, ba kamar na katako da yake gajarcewa kullum ba. Ina ganin har Kafinta_Wudil zai iya gwada shi a kan katakon da aka goge.

Kafinta_Wudil:
Zan nema in gwada, Malam Sani. In har ya jure wa katako, ya rage mini aikin wuƙa.

Uban_Dalibai_Rano:
Akwai abin da nake so iyaye su riƙe, domin na sha sa ido a jarrabawa. A takardun zaɓi na WAEC da NECO, inda ake cike gurbi da fensir, a bi abin da aka rubuta a kan takardar tambayoyi, kuma ni abin da nake ba ɗalibaina shawara shi ne HB na katako guda biyu, a fiƙe su tun daga gida. Cike gurbi da 0.5 yana cin lokaci, tsinken yana karyewa idan yaro ya ruɗe, wani lokacin ma yana huda takarda. Na ga yarinya ta tsaya tana girgiza fensirinta da ya cushe alhali lokaci yana tafiya, sai da wata ta ba ta aron na katako ta hannuna. Don haka ko an saya wa yaro mai dannawa, kada a raba shi da na katako.

Auwalu_Ringim:
Tunda an ambaci cushewa, ga yadda ake warware ta. A juye tsinkayen da ke ciki, a kwance bakin, a danne ƙeya don haƙoran su buɗe, sai a tura siririyar waya ko allurar da ba ta kai kaurin tsinken ba ta cikin bututun, guntun da ya maƙale zai faɗo. Wasu fensiran suna zuwa da irin wannan 'yar waya a jikin abin gogewar da ke ƙarƙashin murfi. Kuma ta ƙeya ake ɗura tsinke, ba ta baki ba. A lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, in an bar murfin a buɗe za ta taru a haƙoran.

Sakataren_Kungiya:
Ni ba mai zane ba ne, littafin ƙungiyar manoman shinkafa nake riƙewa a fadamar Hadejia, kuma 0.7 nake amfani da shi domin ya fi jure wa saurin rubutu da takarda mai kaushi. Abin da ya sa na bar biro a gona shi ne ruwa. Wata damina littafina ya jiƙe a aljihu, shafukan da na rubuta da biro mai ruwa suka dame, waɗanda na rubuta da fensir kuwa da suka bushe na karanta su tsaf. Rana ma ba ta kashe rubutun fensir, zafi kuma ba ya sa shi ya yi yoyo a aljihun riga.

Baba_Mai_Shago:
A nan kam dole in ja hankalinka, Sakatare. Abin da ake iya gogewa bai dace da littafin kuɗin jama'a ba. Lissafin buhu da ranar shuka ka rubuta da abin da ka ga dama, amma bashi da adashi da sa hannu sai biro, domin ranar da gardama ta tashi ba za ka iya kare kanka da rubutun fensir ba, ko da kai mai gaskiya ne.

Sakataren_Kungiya:
Gaskiyarka Baba, kuma haka nake yi. Na gona daban, in na dawo gida nake kwafe abin da ya shafi kuɗi da biro a babban littafi a gaban ma'aji.

Malama_Hauwa_Gaya:
Mun ɗan yi nisa da tambayar Malam Manomi, kuma har yanzu ba a taɓa batun kuɗi kai tsaye ba. A ganina mai dannawa yana da sauƙi ne kawai ga wanda ba ya ɓatar da kaya. In yaro ya riƙe shi shekara uku yana sayen tsinke kaɗai, ya fi sayen na katako duk mako. In kuwa a wata guda zai ɓata ko a ɗauke masa a aji, to an yi asara. Uba ya fi kowa sanin halin ɗansa. Kuma a koya masa kada ya fito da tsinken fiye da dannawa biyu, domin yawancin karyewar daga nan take.

Manomin_Gumel:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Malam Auwalu na duba lambobin, duka biyun 0.5 ne, don haka ba nan matsalar take ba. Da na kwance bakin kamar yadda Malamin Zane ya ce, sai na tarar haƙoran farar roba ne, ɗaya daga cikinsu ma ya tsage. Ƙanena zai shiga Kano ranar Asabar, na rubuta masa a takarda: 0.5 mai bututun ƙarfe, haƙoran tagulla, mazubi biyu na HB da ɗaya na 2H. Na katakon da ke hannun yaron kuma na ce ya ci gaba da riƙe su saboda jarrabawa. Abin da ya rage mini shi ne na ga wasu jikinsu ƙarfe ne mai nauyi, wasu roba. Wanne ya fi dacewa da yaro mai shekara 16?

MalamZane_Bichi:
Na fi son mai jikin roba mai ƙarfi da haƙoran tagulla ga ɗalibi, Malam. Mai jikin ƙarfe yana zama daram a hannu wajen jan layi, amma nauyinsa yana gajiyar da yatsu a dogon rubutu, kuma in ya faɗi, nauyin nan ne yake kai shi ƙasa da baki ya lanƙwasa bututun.

Sani_Mai_Zanen_Fuska:
Ni kuwa na ƙarfen nake so, musamman mai kaushi-kaushi a wurin riƙo, domin a watan Afrilu hannu yana gumi, roba mai santsi tana zamewa. In ƙanen naka zai yarda, Malam Manomi, ya tafi da yaron kasuwar, a ba shi duka biyun ya riƙe, ya rubuta sunansa da kowanne a gefen takarda kafin a biya.